Ina Babi Na Uku Ya Shiga?

Bayan sallar isha'i ƙanwata ta shigo ɗakina da laftof a hammata, idanunta sun yi ja. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, saura kwana tara ta miƙa kundin bincikenta.

"Yaya, bairos ya cinye min aikina. Malam ya ce babi na ukun da na tura masa ba ya buɗuwa."

Na soka filashinta. Sunayen fayilolin suna nan daram, sai dai kowanne da 'yar kibiya a gindin hotonsa. Wato shotkot ne, alama mai nuna inda fayil yake, kamar allon kwatance a bakin hanya. Allon ta tura wa malaminta. Ta ce gobe za ta kai shi wurin masu gyara a Beirut Road a wanke komai, tunda aikin ya riga ya tafi. Na ce ta dakata, domin wani abu ya tsaya min a rai. Filashin mai gig 8 ne, kwamfuta ta nuna kusan gig 3 a cike, alhali duk abin da ido ke gani bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Buhun da aka sace hatsinsa ba ya nauyi haka.

Na umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ba abin da ya fito. Sai da na cire alamar da ke ɓoye fayilolin tsarin kwamfuta, sannan ga su dishi-dishi, babi uku cif, har da hotunan bikin ƙawarta. Ta dafe ƙirji ta yi hamdala. A tsakiyarsu kuma ga baƙo, wani ƙaramin fayil mai suna barkatai da ya ƙare da .vbs. Na duba cikin shotkot ɗaya, na ga umarni biyu aka ɗaura masa: ya fara tayar da baƙon, sannan ya buɗe takardar gaskiya. Shi ya sa ta yi kwanaki tana dannawa, takardunta na buɗuwa, ba ta zargi komai ba.

Na goge baƙon da shotkot ɗin duka. Kafin in kurɓi shayi sun dawo.

Ashe mai sake shuka su yana cikin laftof ɗin. Na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, na bi jerin abubuwan da ke aiki har na iske wscript.exe. A nan mutane da yawa ke kuskure, su nemi goge shi. Ɗan gida ne, Windows ce ta zo da shi don karanta irin waɗannan rubutattun umarni, tsutsar, wato wannan bairos ɗin, ta hau bayansa ne kawai. Na ƙara layin da ke nuna abin da yake karantawa, sai ga adireshin kwafin baƙon a foldar Temp. Na tsayar da shi tukuna, domin muddin yana gudana gogewa aikin banza ce. Na share kwafin, na rubuta shell:startup na tarar da wani yana jiran a kunna kwamfuta ya farka, na kuma cire sunansa daga rajistar Windows a ƙarƙashin Run. Daga nan na koma kan filashin da umarnin attrib -h -r -s /s /d, wanda ke yaye wa fayiloli mayafin da aka lulluɓa musu.

Wannan dabara ta shotkot tana da dalili. A da, tsutsa kan tashi da kanta da zarar an soka filashi. Windows 7 ta toshe wannan ƙofa a 2009, a Fabrairun 2011 kuma Microsoft ta tura gyaran ga masu XP da Vista. Sai masu ƙirƙirar tsutsa suka koma neman yatsan mai kwamfuta. A 2013 kamfanin tsaro na FireEye ya yi bayanin ɗaya daga cikin irinsu, H-worm, wadda ke bai wa wani can nesa damar aiko wa kwamfutarka umarni ta intanet. Wannan ya fi ɓoye fayil tayar min da hankali, don haka a daren na sa ta canja kalmomin sirrin imel ɗinta daga wayarta.

Kwana uku bayan nan ta sake shigowa. "Yaya, kibiyoyin sun dawo."

Laftof ɗin na nan tsaf, ba ta danna ko ɗaya ba. Na tambaye ta ina filashin ya je. Wuri ɗaya ne, shagon da take buga takardu a bakin makaranta. Don kada mu ɗauki alhakin mutum, na wanke wani tsohon filashina, na sa masa takarda guda, muka je aka buga mana shafi ɗaya. Muna dawowa na soka, ga kibiya.

Washegari na koma da laftof ɗin na nuna wa mai shagon. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Malam, kullum ɗalibai na min kukan nan, ni kuma ina cewa daga wurinsu ne." Ya matsa min kujera. Kwamfutoci biyu gare shi, duka na sami tsutsar a ciki, muka bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a bayan wata takardar da ta lalace. Kafin mu gama ɗalibai huɗu sun yi layi da filashinsu a hannu, ya ce su turo ta WhatsApp ko imel. Ƙanwata ma ta nan ta tura kundinta, aka buga ana saura kwana huɗu.