Rana ce ta ƙona fuskar, ko man da aka shafa?

Bazara ta kankama, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yola yana haura digiri 40, kuma maganar "ƙunar rana" ta dawo bakin mata a gidajen biki. Ana nufin baƙin tabon nan da ke kwanciya a kumatu biyu da gefen ido. Masu sayar da man haɗi kuwa amsarsu a shirye take: rana ce ta yi, ga wani haɗin mai ƙarfi da zai goge shi cikin mako biyu. Rabin zancensu gaskiya ne, da hannun rana a ciki. Ɗaya rabin ne ba sa faɗa.

Abin da ke ba fatarmu launi shi ne sinadarin melanin, kuma aikinsa ya wuce ado. A cikin kowace ƙwayar fata yana taruwa ne a saman cibiyarta, kamar malfa a kan manomi, ya tare hasken UV na rana kafin ya kai ga ƙwayoyin halitta. Man da ke ɗauke da hydroquinone yana tsayar da sinadarin da jiki ke ƙera melanin da shi. Wato an cire wa manomi malfarsa, an kuma tura shi gona da tsakar rana a watan Afrilu. Fatar da ta ji rana ta dake ta sai ta yi ƙoƙarin kare kanta, ta fitar da launin a hargitse, nan baƙi, can ja. Mai fuskar ta tsorata ta ƙaro man da ya fi na baya ƙarfi, malfar da jiki ya fara saƙawa a sake fizge ta.

Idan aka daɗe a haka, akwai cutar da likitocin fata ke kira ochronosis: baƙi mai sirkin shuɗi da ke nutsewa can cikin fata, a daidai wuraren da rana ta fi duka. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana ta a jikin masu shafa irin wannan mai, ƙasar kuma ta hana sa hydroquinone a kayan kwalliya a 1990. Tabon yana da wuyar magani ƙwarai, wani ma ba ya fita.

Maganar da ta fi damuna ita ce, "Ni ba bilicin nake yi ba, kalata nake fito da ita." Wata ta ce nata na gargajiya ne, kurkur da karas kawai. 'Yar'uwa, kurkur ba ya mayar da baƙar mace fara cikin kwana goma. Duk man da ya yi wannan sauri, a robar da ba suna ba lamba, da wuya a rasa ɗaya daga cikin uku a cikinsa: hydroquinone, ko sinadarin mercury da ke lalata ƙoda yana kuma ratsawa zuwa ga ɗan tayi da nonon uwa, ko maganin steroid irin clobetasol. Shi wannan na ƙarshe magani ne na gaske da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Shafa shi wata da watanni yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya hana rauni saurin warkewa, har ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Kuma ana shafa wa yara ƙanana.

Wadda ta daɗe tana shafa steroid kada ta yi mamaki idan fuskarta ta yi ja tana raɗaɗi bayan ta daina. Wannan ne ke mayar da mata da yawa wurin mai haɗi. Likitan fata ya kamata ta gani, shi zai tsara mata yadda za ta rabu da shi a hankali.

Sauran kariyar ba ta da wuya. A guji ranar da ke tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma, a riƙe laima, a rufe jiki da tufafin auduga marasa nauyi. Hazo ko gajimare ba sa tare UV gaba ɗaya, don haka lumshi ba dalilin sakaci ba ne. Mai hali ya nemi man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama, ya sabunta shi duk bayan awa biyu idan yana waje. Ga zabiya wannan mai wajibi ne, domin sankarar fata na yi musu mummunar ɓarna, ga shi kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinsu.

A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Sanarwar ta yi daidai. Amma har yau ana dama man a bokiti ana ɗurawa a robobi a bainar jama'a, ana tallarsa a TikTok da lambar waya a ƙasa. Ina ganin jami'in da ke son kama mai haɗi ba ya buƙatar dogon bincike, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi.