Kaduna a Idon Yara

Ka ba yaron Sabon Tasha alli ya zana maka Kaduna. Zai zana gidansu, makaranta, famfon unguwa da mai ƙosai. Da ya kai kogi, zane ya ƙare. Takwaransa na Tudun Wada ma haka.

Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 iyalai sun yi ta ƙaura, yawancin Kiristoci suka koma kudu da kogin, Musulmi arewa. Yau yara da yawa ba su san tsallake ba sai ta bakin manya, kuma abin tsoro suke ji.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu haye gada da su, su gaida tsoffin maƙwabtanmu, su san duk garin nasu ne.