Gaskiya ko Jita-jita: Katin Gaisuwar da Aka Yi da Hannu

Wata Asabar ce a farkon Disamba, hazo ya sauko har duwatsun da ke kan hanyar Dass sun ɓace wa ido. Na leƙa gidan maƙwabtanmu a unguwar Gwallameji da ke Bauchi don in duba maigidan da ba ya jin daɗi, sai na tarar da 'yarsu, yarinya 'yar shekara 14, ta baje tabarma a tsakar gida. Gabanta akwai reza da rula da tsohon almakashin ɗinkin mahaifiyarta, da wata baƙar leda cike da guntayen kwali masu launi. Malamarsu ta makarantar Lahadi ce ta sa musu gasa: kowa ya yi katin Barka da Kirsimeti da hannunsa, ban da na shago, ban da bugun kwamfuta, a kawo nan da mako biyu.

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, irin waɗanda suka cika unguwar saboda ɗaliban Poli, don haka duk wanda ya gifta sai ya tofa albarkacin bakinsa. Kafin in tashi na ji maganganu iri-iri a kan wannan ɗan kati, kuma duk na sha jin irinsu a wasu wurare. Shi ya sa na ga ya dace a bi su a bambance aya da tsakuwa.

"Wannan ai abin coci ne, 'yan mishan suka zo da shi"

Wani dattijo mai kawo musu gawayi ne ya faɗi haka, kuma ba da wata manufa ba. Cewa daga Turai katin bugawa ya fito, wannan gaskiya ne. Amma ba a coci aka haife shi ba. A 1843, wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Henry Cole, wanda ya taimaka wajen kafa tsarin aika wasiƙa da araha a 1840, ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya tsara masa katin da zai riƙa aika wa abokai a maimakon doguwar wasiƙa. An buga guda 1,000 a Landan, aka yi musu launi da hannu, ana sayar da kowanne sule ɗaya. Hoton da ke jiki kuwa babu Yesu, babu Maryamu, babu coci. Iyali ne sun zauna suna shagali, a gefe biyu kuma ana ciyar da mayunwata ana tufatar da matalauta. Har ma wasu masu yaƙi da shan giya sun yi tir da shi saboda an nuna ana ba yaro giya. Da Louis Prang ya fara sayar da nasa katunan a Amurka a 1875, furanni da tsuntsaye ne suka fi yawa a jikinsu.

Kuma ba Kirista kaɗai suka riƙe al'adar ba. Musulmin Indiya da Pakistan sun daɗe suna aika wa juna katin Barka da Sallah ta gidan waya, a da, a birni irin Lahore, har rumfuna ake kafawa na sayar da su idan azumi ya yi nisa.

Mu ma nan gida, na ce wa dattijon, "Baba, ka manta da Zaɓi Sonka?" Sai ya yi murmushi. Duk wanda ya tashi da sauraren Rediyon Kaduna ya san yadda mutum zai sayi kati, ya jera sunayen 'yan uwa da abokan arziki, ya aika a karanta a gaishe masa da su. Wannan ba katin gaisuwa ba ne? Batun ƙawata rubutu kuwa, je ka dubi allon zayyana ranar saukar karatu, ka ga abin da alƙalamin kara da tawada da ƙaro suke yi a hannun gwani. Malaman ƙasar nan sun yi ƙarni suna rubutu a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke ɗaukowa ta Tarabulus su ratso Sahara. Gaisuwa a rubuce da ado a takarda duk mun san su tun kafin kati ya iso. Maganar dattijo rabinta ne gaskiya.

"Wa ke karanta kati yanzu, ga WhatsApp?"

Wannan daga bakin wani ɗalibi ta fito, yana wucewa da bokiti. A nan ba zan yi masa gardama mai yawa ba. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, katin shago ya fara ja da baya, da manyan wayoyi suka yawaita kuma sai ya ƙara durƙushewa. Shagunan littattafai da a da suke rataye katuna a igiya idan Disamba ta kama, yanzu kaɗan ne ke wahalar saro su.

Sai dai abin da ya mutu shi ne katin da ba shi da bambanci da saƙon waya, wato wanda wani ya rubuta, kai sa hannu kawai ka yi. Har gobe ana ba 'yan jarrabawar WAEC da NECO katin fatan nasara, har gobe ana jin ɗaurin aure bai cika ba sai an kai wa manya katin gayyata hannu da hannu. Hoton da aka turo maka a waya an tura wa mutum ɗari irinsa, kuma ranar da wayar ta cika za ka goge shi. Kati kuwa sai an tashi an kai shi, an zauna an sha ruwa, an tambayi lafiyar yara. Zumunta a ƙafa take. Mahaifiyar yarinyar nan ta buɗe Littafinta Mai Tsarki ta nuna mini wani kati da ɗanta na fari ya yi mata yana firamare. Launin ya koɗe, gefen ya tanƙware, amma yana nan.

"Ba mu da kuɗin sayen kayan aikin"

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ce maganar da ta fi kashe wa yara gwiwa, kuma ita ce ta fi zama jita-jita.

Gwallameji unguwa ce da takarda ta yi wa yawa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wato Poli, tana nan tun 1979, ga harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ba nisa. Saboda haka shagunan buga takardu da ɗinke kundin ɗalibai sun cika bakin titi, kuma kullum sai sun datse gefen kwalin bango sun zubar. Ledar da ke gaban yarinyar daga ɗaya daga cikinsu ta fito. Cewa ta yi kawai, "Kawu, don Allah in kwashe waɗannan?" Ƙyallayen atamfa kuwa tela na neman wanda zai raba shi da su.

Abin da ake buƙatar sani kaɗan ne. Takardar hoto-kwafi ba ta tsayuwa, domin nauyinta giram 70 zuwa 80 ne a kowace murabba'in mita. Kati yana son kwali mai giram 200 zuwa 300. Kwali ɗaya mai girman A4, wato milimita 210 da 297, idan aka raba shi biyu aka ninke kowane rabi, zai ba da kati biyu masu milimita 105 da 148, daidai shiga ƙaramin ambulan. Kafin ninkewa sai a ɗora rula a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, a ɗan danna. Wannan layin ne ke hana bayan kati tsagewa. Na ga yarinyar ta ɓata biyu kafin ta gane haka.

Gam shi ne inda aka fi yin kuskure. Mai ruwa-ruwa irin Top Bond, ko sitatin guga da aka dama da kauri, ko ƙaron da aka jiƙa, duk suna riƙewa, amma idan aka lafta da yawa sai kwalin ya sha ruwa ya kumbura. Da tsinken ashana ake ɗiba, a shafa siriri. A lokacin hunturu kuma iska na busar da fuska ɗaya kafin ɗayar, sai kati ya lanƙwashe kamar ganye. Maganinsa a sa shi tsakanin farar takarda biyu, a danne da littafi mai nauyi ya kwana. Hakan kuma yana kare shi daga ƙura. Duk cikin abin da na lissafa, reza ce kaɗai yarinyar ta saya, ita ma ina roƙon iyaye kada a bar ƙananan yara da ita ba babba a kusa.

"Ina ƙanƙarar? Ina sarakuna ukun?"

Wata 'yar Zumuntar Mata ce ta shigo duba mara lafiya, ta ɗaga katin ta jujjuya. Yarinyar ta yanka bukka da ruwan ƙasan kwali, ta yi jinka da busasshiyar ciyawa, ta sa wa Maryamu zanen atamfa shuɗi, sama kuma tauraro ɗaya da ta yanko daga takardar azurfa ta cikin gwangwanin madara. "'Yata, wannan ai bai yi kama da Kirsimeti ba," in ji matar.

Da girmamawa nake cewa Mama ta saba da katin shago ne. Labarin haihuwar Yesu a Linjila yana wuri biyu, farkon Matiyu da sura ta 2 ta Luka. Luka ya ambaci makiyaya a fili da dare da komin dabbobi. Matiyu ya ambaci tauraro da masanan da suka zo daga gabas. Bai ce su uku ba ne, bai kuma kira su sarakuna ba. Kyaututtukan ne guda uku: zinariya da lubban da mur. Dusar ƙanƙara da bishiyar nan mai tsini da Baba Kirsimeti mai jan kaya duk daga yanayi da al'adun Turai da Amurka suka shigo, babu ko ɗaya a cikin surorin nan. Mai zanen Turai ya zana abin da yake gani ta tagarsa a Disamba. Idan yaron Bogoro ko Tafawa Balewa ko Dass ya zana makiyayi da sanda da rumbu da hazo, bai kauce wa nassi ba.

Haka batun harshe. Wasu na ganin kati bai cika ba sai da Turanci. Alhali tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma da Hausa ake sujada a majami'u da dama na ECWA da COCIN a jihar nan. Kakar da za a kai wa katin da Hausa take karatu, wata ma da Zaar za ta fi jin daɗi. Kuma hannu ba ya rasa ƙ da ɗ da ɓ kamar yadda wasu injinan bugu ke rasawa.

"Ki dage, akwai kuɗi a ciki"

Akwai ƙamshin gaskiya. Esther Howland ta garin Worcester a Amurka ta fara da 'yan samfuran katin masoya na hannu a ƙarshen shekarun 1840, ɗan uwanta ya fita talla da su ya dawo da odar dala 5,000, har ta ɗauki mata aiki a gidansu. A Kigali ta Ruwanda, kamfanin Cards from Africa ya fara a 2004 da ɗaukar matasa marayu suna sarrafa takardun da ofisoshi suka zubar su mayar da su kati, ana sayarwa a ƙasashen waje. Katin UNICEF na farko a 1949 zanen wata 'yar shekara bakwai ne, Jitka Samkova ta tsohuwar Chekoslobakiya.

Amma duk waɗannan sun samu masu saye ne kafin su faɗaɗa. A Bauchi kasuwar ta lokaci ce: Kirsimeti, Ista, Sallah, jarrabawa, yaye ɗalibai. Kati mai kyau yana cin sa'a guda ko fiye, kuma mai saye zai gwada kuɗinsa da na shago. A ganina sana'ar ƙari ce, ta fi tafiya ga mai naɗe kyaututtuka ko mai ado na biki. Kada a ce wa yaro zai yi arziki da ita.

Saura zancen da na ji daga baya, wai a irin wannan gasa mai kayan tsada ne ke ci. Yarinyar ta zo ta uku. Wanda ya zo na ɗaya yaro ne da ya fere ɓawon kara, irin wanda ake yin motar wasa da shi, ya jera shi ya fitar da komin dabbobi, ya rubuta gaisuwarsa layi biyu a miƙe. Wasu da suka sayi ƙyalƙyali da duwatsun ado ba su kai ko'ina ba, domin gam ya ɓata musu gefe. Malamar ta ce abu uku ta duba: tsabtar yanka, dacewa da jigon da ta bayar, da kuma ko kalmomin na yaron ne.

Kirana ga malaman makarantun Lahadi da na Islamiyya da na firamare a Gwallameji da Yelwa shi ne ku gwada wannan gasa a kakar biki mai zuwa. Ku ba da jigo ɗaya, ku ba da mako biyu, ku hana kayan saye, ku yarda a rubuta da kowane harshe, sa'annan ku sa kowane yaro ya kai katinsa da ƙafarsa ga wani tsoho ko mara lafiya a unguwa. Ku kuma masu shagunan ɗinke kundi, don Allah ku daina ƙona guntayen kwali, ku tara su a leda, yara za su zo karɓa.