Koyar da Matasa Dabarun Zama da Jama'a a Wajen Aji

Akwai abubuwan da alli da allo ba su cika koyarwa ba: sauraron mutum har ya kai aya, jure ra'ayin da ya saɓa wa na kai, sasanta rigima, iya magana a gaban jama'a, da yin aiki tare ba tare da kowa ya ja gefensa ba. Masu aiki da matasa a ƙungiyoyi da sansanoni kan koyar da su ne ta ilimin wajen aji, wanda yake da tsari da manufa, amma babu jarrabawa, shigarsa kuma ganin dama ce.

A Turai an tanadar wa wannan aiki kayan koyarwa a rubuce. Majalisar Turai (Council of Europe) ta buɗe cibiyar matasa a Strasbourg ta Faransa a 1972, da wata a Budapest a 1995. A 2002 ta fitar da Compass, littafin koyar da matasa haƙƙin ɗan'adam, wanda aka fassara zuwa harsuna fiye da 30. Ita kuwa Tarayyar Turai tana da cibiyoyin SALTO tun 2000, masu tara darussa da wasanni kyauta a intanet, da kuma takardar Youthpass tun 2007, inda matashi da kansa yake rubuta abin da ya koya.

Wani atisaye da ya yi fice a Compass ya isa misali. Kowa zai zari takarda mai ɗauke da matsayin da zai ɗauka a asirce: wannan 'yar manajan banki, wancan ɗan gudun hijira, waccan uwa marar miji kuma marar aiki. Sai a jeru a layi ɗaya, jagora ya riƙa karanto halin rayuwa, kamar samun magani idan ciwo ya zo. Wanda matsayinsa ya ba shi wannan dama sai ya yi taku ɗaya gaba. Kafin a gama, wasu sun kusa bango, wasu ko motsi ba su yi ba.

Wasan ba shi ne darasin ba. Darasin yana cikin zaman da ke biye, inda jagora zai tambayi na baya yadda suka ji, ya tambayi na gaba ko sun waiwaya, sannan a juya ga abin da ke faruwa a unguwarsu. Tsarin da masanin ilimi David Kolb ya bayyana a 1984 ke nan: a yi abu, a yi tunani a kansa, a fitar da fahimta, a sake gwadawa. A nan sababbin jagorori suka fi tuntuɓe, domin wasa da dariya kan cinye lokaci, a tashi ba a tattauna komai ba.

Ba a kuma ɗaukar littafin yadda yake a shimfiɗa wa kowa. Matsayin da ke cikin takardun na rayuwar Turai ne, don haka jagoran da ke aiki a Kano ko Maraɗi sai ya sake rubuta su da mutanen da matasansa suke gani kullum, irin su almajiri, mai talla da ɗan achaɓa.