Dandalin Da Ke Biyan Mai Rubutu: Wa Ke Riƙe Da Mudun Awo?

Akwai wata tambaya da matasanmu suka sha yi mana a 'yan shekarun nan. Sukan ce, "Malam, an ce akwai dandalin sada zumunta a intanet da ke biyan mutum in ya yi rubutu ko ya sa hoto. Gaskiya ne, ko wata sabuwar damfara ce?" Amsa a taƙaice ita ce akwai su, wasu mutane kuma sun sami kuɗi a cikinsu. Amma da yake sau da yawa iyaye ne ke sayen wayar, su kuma sayi data, ya kamata mu duba batun nan a tsanake, domin yara da iyaye su san abin da ake ciki.

Bari mu fara da kukan da ya haifi irin waɗannan dandali. A Facebook da makamantansa, mu ne muke rubutu, mu ne muke sa hotuna, kamfani kuwa shi ke sayar da talla a tsakanin abubuwan da muka sa. A shekarar 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kusan dala biliyan 135, kusan dukansu daga talla. In ban da 'yan kaɗan masu ɗimbin mabiya, sauran jama'a ba su ga ko kwabo ba. Kuka na biyu shi ne, ba duk mai bin shafinka ke ganin abin da ka sa ba. Wani lissafin kwamfuta ne, wanda kamfani kaɗai ya san sirrinsa, yake zaɓar abin da zai fito a wayar kowa. A watan Janairu na 2018 Facebook ya sanar cewa zai rage nuna abubuwan da shafukan kamfanoni da na jaridu suke sawa, ya fifita na dangi da abokai. Saboda haka tela ko mai sayar da man gyaɗa da ya buɗe shafi, in yana son mutane da yawa su gani, sai ya biya kuɗin talla.

Yadda Steemit yake aiki

A shekarar 2016 wasu Amurkawa biyu, Ned Scott da Dan Larimer, suka buɗe wani dandali mai suna Steemit domin share wannan hawaye. Sun gina shi a kan abin da ake kira bulokcen, wato littafin lissafi wanda kwamfutoci masu yawa suke riƙe da kofensa, ta yadda ba mai iya goge abin da aka rubuta shi kaɗai. Dandalin yana da nasa kuɗin kirifto mai suna STEEM. In ka yi rubutu, masu karatu za su jefa masa ƙuri'a. Bayan kwana 7 sai a yi lissafi, a ba ka rabonka gwargwadon ƙuri'un, waɗanda suka jefa ƙuri'ar su ma a ba su nasu. Ranar 4 ga Yuli 2016 aka yi rabon farko, wanda darajarsa ta kai kimanin dala miliyan 1.3. Labari ya bazu, mutane daga ƙasashe da yawa suka yi ta shiga, har da 'yan Nijeriya.

To, daga ina kuɗin yake fitowa? Nan ne mutane da yawa ba su tsaya sun yi tambaya ba. Ba daga aljihun kamfani yake fitowa ba. Tsarin ne yake ƙirƙiro sababbin sulalla kullum, a zuba su cikin wani asusu, a raba. Sulallan nan kuwa ba su da wata daraja sai in an sami mai saye. Idan masu saye suka yi yawa farashi ya hau, idan suka janye ya faɗi. A farkon Janairu 2018 STEEM ɗaya ya wuce dala 8. Kafin ƙarshen wannan shekarar ya koma ƙasa da rabin dala, har a watan Nuwamba kamfanin ya sallami kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatansa. Wanda ya bar aikinsa ya dogara ga rubutu a dandalin ya wayi gari yana aiki iri ɗaya, ladan kuwa ya narke.

Ƙuri'ar wani ta fi ta wani

Sai batun adalci wajen nuna rubutun kowa. Gaskiya ne a Steemit ƙa'idar lissafin a buɗe take, duk mai ilimin kwamfuta yana iya karanta ta, wannan kuwa ci gaba ne. Amma ƙa'idar da kanta ta ce nauyin ƙuri'ar mutum yana bin yawan STEEM da ya ɗaure a asusunsa. Wato ƙuri'ar mai ajiya babba guda ɗaya tana iya rinjayar ta sababbin shiga dubu. Masu dandalin da kansu sukan kira irin waɗannan mutane manyan kifaye. Rubutun da babban kifi ya jefa wa ƙuri'a shi ke hawa shafin farko, ya kwashi kuɗi. Na sabon shiga kuwa, komai kyansa, yakan kwana 7 bai tara abin sayen kati ba.

Ba a daɗe ba sai cinikin ƙuri'a ya kunno kai. A shekarun 2017 da 2018 an sami asusun da kwamfuta ke tafiyar da su, ka tura musu kuɗi su jefa maka ƙuri'a mai nauyi, ko da ba wanda ya karanta abin da ka rubuta. Ashe abin da aka gudu daga gare shi a Facebook, wato biya kafin a gan ka, ya biyo mutane ta bayan gida. Wani dandalin mai suna Minds, wanda aka buɗe wa jama'a a 2015, ya fito da nasa sulallan a 2018. Shi ma yakan saka wa masu himma da sulalla, sa'an nan su kashe su wajen sa a nuna rubutunsu ga mutane da yawa. Tun da ana iya sayen sulallan da kuɗi, mai aljihu ya fi mai haƙuri saurin kaiwa gaba.

Ranar da aka sayar da dandali

Abin da ya faru a 2020 ya fi kome koya darasi. Littafin lissafin Steem yana hannun wasu mutum 20 da ake kira shaidu, waɗanda masu sulalla suke zaɓa, a nan ma ƙuri'a tana bin yawan ajiya. A watan Fabrairu na wannan shekarar wani attajiri ɗan asalin ƙasar Sin, Justin Sun, mai kamfanin Tron, ya sayi kamfanin Steemit tare da tarin sulallan da kamfanin yake riƙe da su. Shaidu suka ji tsoron zai yi amfani da su ya mallake kome, sai suka toshe su. A farkon Maris, wasu manyan kasuwannin canjin kirifto, wato Binance da Huobi da Poloniex, suka jefa ƙuri'a da sulallan da jama'a suka ba su ajiya, aka tsige shaidun nan gaba ɗaya. Daga baya Binance da Huobi sun janye ƙuri'arsu, amma aikin gama ya gama. Ranar 20 ga Maris 2020 jama'a da yawa suka kwashi kofen littafin suka kafa sabon gida mai suna Hive. Dandalin da aka ce na kowa ne, rana ɗaya aka ga ashe na mai rinjayen kuɗi ne.

Abin da ya shafe mu

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. Duk mun ga abin da ya faru a garuruwanmu a 2024, lokacin da wasan Hamster Kombat ya shigo ta manhajar Telegram. Yara da manya, a tasha da bakin shago, kowa yana dangwalar waya, yana gayyato abokai domin a ƙara masa maki. Masu wasan sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga a duniya. Da aka raba sulallan ranar 26 ga Satumba 2024, mutane da yawa 'yan daloli kaɗan suka samu bayan watanni suna ƙona data da caji. Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba muna cewa a guji kowane irin dandali ba ne. Wanda ya iya rubutu ko ɗaukar hoto, ya shiga inda ba a karɓar kuɗin shiga, zai iya koyon sana'a, ya sami masu karatu, wani lokaci har da ɗan abin sayen data. Kukan da aka yi a kan manyan kamfanoni ma kuka ne na gaskiya, domin wanda ya yi aiki ya cancanci a ba shi rabonsa. Amma kafin ɗanmu ko 'yarmu su ba da lokacinsu, mu zauna tare mu yi tambayoyi huɗu. Daga ina ladan yake fitowa? Ƙuri'ar kowa ɗaya ce, ko tana bin ajiya? Wa yake da ikon sake ƙa'ida ko sayar da dandalin? Sai na biya, ko na kawo mutane, kafin in cire abin da na samu? In amsar ta ƙarshe "i" ce, to mu tuna da MMM da ya rufe asusun mutane a Disamba 2016, mu ja da baya.

Ga matasa kuma, kada a bar makaranta ko gona ko wurin koyon sana'a saboda sulallan da farashinsu yake hannun wasu. Kada a ci bashi, kada a taɓa kuɗin makaranta domin sayen su. Kowace mace da ta taɓa auna hatsi a kasuwa ta san ba a duban yawan masu saye kawai, ana duban mudun da wanda yake riƙe da shi. Haka ya kamata mu duba waɗannan dandali.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba.