Ciwon Huhu na Korona: Wa Ya Fi Shiga Haɗari?

Yawancin masu kamuwa da korona suna warkewa a gida. Amma idan cutar ta sauka cikin huhu, sai huhun ya kumbura ya tara ruwa, iska ta kāsa shiga jini. Cikin waɗanda ake kwantarwa a asibiti, mutuwa ta fi yawa ga:

- tsofaffi, daga shekara 60 zuwa sama
- masu ciwon suga ko hawan jini
- masu ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ko daɗaɗɗen ciwon huhu
- masu ƙiba sosai
- waɗanda aka kawo a makare

A asibiti za a maƙala wa mara lafiya wata ƙaramar na'ura a yatsa, mai auna iskar da ke cikin jini. Idan ta nuna ƙasa da 90, yana bukatar iskar oksijin. Wani lokaci iskar takan ragu tun kafin ya fara haki.

Saboda haka, idan tsohonka ko mai ciwon suga a gidanku yana zazzaɓi da tari, kada ka jira. Ƙirga numfashinsa. In ya wuce 30 cikin minti ɗaya, ko hankalinsa ya ruɗe, ka kawo shi yau, tare da magungunan da yake sha.