Me ya sa hukumomi ke sa-in-sa da Apple da Google kan kuɗin manhajoji?

Duk wanda ya sayi wani abu a cikin manhajar wayar iPhone, kamar ƙarin makamai a wasan kwamfuta ko rajistar sauraron waƙoƙi, ba duka kuɗin ne ke shiga aljihun wanda ya ƙirƙiro manhajar ba.

Tun bayan da kamfanin Apple ya buɗe kantinsa na manhajoji, wato App Store, a shekarar 2008, yake yankar kashi 30 cikin 100 na irin wannan ciniki. Shi ma Google haka ya yi a nasa kantin. Daga baya dukkansu sun rage wa ƙananan kamfanoni zuwa kashi 15.

Sai dai ba yawan kamashon kaɗai ke jawo ƙorafi ba. A da, dokokin Apple sun wajabta biyan kuɗin ta hanyarsa, sun kuma hana masu manhajoji ko da sanar da abokan cinikinsu cewa akwai rahusa a wani wurin. A nan ne hukumomin hana babakere suka ga abin dubawa, domin mai kasuwar shi ne kuma mai karɓar kuɗi, kana a wasu fannonin kamar waƙoƙi yana gogayya da 'yan hayarsa.

Kamfanonin biyu dai na cewa da kamashon ne suke tantance manhajoji da kare jama'a daga 'yan damfara.

Koriya ta Kudu ce ta fara kafa doka a 2021, wadda ta hana tilasta hanyar biya guda ɗaya. Apple ya bi dokar, amma ya ci gaba da karɓar kashi 26 a cinikin da bai bi ta hannunsa ba. In aka haɗa da ladan kamfanonin katin banki, kusan babu abin da ya ragu.

A Turai kuwa, ƙarar da kamfanin Spotify na ƙasar Sweden ya shigar ta sa Hukumar Tarayyar Turai ta ci Apple tarar sama da euro miliyan dubu 1 da miliyan 800 a watan Maris na 2024. Wata tarar ta euro miliyan 500 ta biyo baya a watan Afrilun 2025, a ƙarƙashin sabuwar dokar kasuwannin intanet.

Shari'ar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta Amurka. A watan Agustan 2020 kamfanin Epic Games ya saka tasa hanyar biyan kuɗi a wasan Fortnite da gangan, inda nan take Apple da Google suka cire wasan daga kantunansu. A 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta ƙi amincewa da akasarin ƙorafin Epic, amma ta umarci Apple da ya bar masu manhajoji su nuna wa mutane wasu hanyoyin biya.

Apple ya sanya wa waɗannan hanyoyi kamashon kashi 27, lamarin da ya sa a watan Afrilun 2025 mai shari'ar ta ce ya saɓa umarninta da gangan, ta kuma hana shi karɓar ko sisi a kansu. A watan Disamban shekarar, kotun ɗaukaka ƙara ta amince cewa kamfanin ya saɓa umarnin, amma ta ce hana shi kamashon baki ɗaya ya wuce kima.